Tabar Kuba ko ta Nikaraguwa: wacce za ka saya, kuma a hannun wa?

Duk wanda ya shiga shagon taba a Dubai ko Landan da niyyar sayen tabar naɗi ta manya, irin mai kaurin nan da ake naɗewa da hannu, sunan da ke bakinsa Cohiba ta Kuba ne. Shi ya ji ana faɗa, shi ya gani a hannun masu kuɗi. Ni kuwa in ka nemi shawarata, Padrón ta Nikaraguwa zan ce ka ɗauka.

Ba raina Cohiba nake yi ba. A 1966 aka soma naɗa ta domin Fidel Castro da manyan baƙin gwamnatin Kuba, kuma ba a fito da ita kasuwa ba sai 1982. Ganyenta daga Vuelta Abajo yake, a lardin Pinar del Río da ke yammacin tsibirin, ƙasar da masu harkar suka yarda babu kamarta wajen noman taba. Matsalar ita ce kuɗi. A 2022 kamfanin Habanos, wanda shi ke da ikon fitar da tabar Kuba waje, ya ɗaga farashin Cohiba a duniya ya daidaita shi da na Hong Kong, a shekarar da guguwar Ian ta rusa rumfunan shanya ganye a Pinar del Río. Kaya ya yi ƙaranci, kuɗi ya hau, yanzu rabin abin da kake biya na suna ne.

In lallai sai ta Kuba, ɗauki Partagás Serie D No. 4, gajera mai ƙarfi, daga gidan da ya kafu tun 1845. Montecristo No. 4 ta fi yawa a kasuwa, amma a akwati ɗaya sai ka samu wata ta toshe, ka zuƙa har kumatu su gaji hayaƙi bai fito ba. Romeo y Julieta tana cin albarkacin sunan Churchill ne kawai, tsohon firaministan Birtaniya da ya shahara da shan ta. Davidoff, wadda ta bar Kuba ta koma Jamhuriyar Dominika, tana da tsabtar aiki amma ta yi mini laushi ga kuɗinta. OpusX ta gidan Arturo Fuente, ita ma ta Jamhuriyar Dominika, tana da wuyar samu, ka fara samun ta tukuna.

Padrón aikin iyali ɗaya ce. José Orlando Padrón ɗan Pinar del Río ne, ya tashi cikin gonar taba, ya bar Kuba bayan juyin juya hali, ya yi kafinta a Miami har ya tara dala 600, da ita ya buɗe kamfani a 1964. Daga baya ya koma noma da naɗi a Estelí ta Nikaraguwa, aka ƙone masa masana'anta lokacin rikicin ƙasar a 1978, ya sake ginawa. Su ke noma ganyensu, su ke ajiye shi ya tsufa, su ke naɗewa, shi ya sa abin da ka sha bana shi za ka sha baɗi. Jerin 1964 Anniversary, wanda suka fitar a 1994, ganyensa yana shekara huɗu a ajiye kafin a taɓa shi. Ka riƙe kara ɗaya ka gani: an matse ta ta zama mai kusurwa huɗu, ganyen waje baƙi-baƙi da ɗan maiƙo, ƙamshin koko da kofi na tashi tun kafin ka kunna. Iska na wuce ta ba wahala, wuta na ci daidai ta kowane gefe, toka na tsayawa ba ta zubo maka a riga. Ban taɓa jefar da ko ɗaya don ta toshe ba. Mai ƙaramin ƙarfi ya ɗauki masu lamba 2000 ko 3000, gida ɗaya ne, hannu ɗaya.

Abin da ya ƙara ja na gare ta shi ne, a ƙarƙashin zoben takardar kowace 1964 akwai wani zoben mai lamba tata ita kaɗai, domin maganin masu jabu. Jabu kuwa ita ce babbar masifar wannan kasuwa, kuma Cohiba ta fi kowace shan ta.

Wani ya taɓa sayar mini da akwatin Cohiba mai murfin gilashi, da rantsuwa cewa ƙaninsa a masana'anta yake aiki, ta bayan gida aka fito da shi. Na kai wa babban baƙo kyauta. Da ta ƙi ci, muka tsaga ɗaya da reza: gutsattsarin ganye, jijiyoyi, ƙura, har da zare. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Cohiba ta gaskiya ba a zuba ta a akwati mai murfin gilashi, ko a ina ka gan shi jabu ne, kada ka tsaya ciniki. Labarin ɗan'uwa a masana'anta kuma shi ake rera wa kowane baƙo a titunan Habana da bakin teku a Dominika da Meziko.

Ka juya akwatin ka duba gindinsa. Dole ka ga tambarin Habanos s.a., da Hecho en Cuba, da Totalmente a mano, sannan harufan masana'anta da wata da shekarar da aka cika shi. A gefen murfi akwai koren hatimin gwamnatin Kuba, wanda tun 2009 yake da hoto mai walƙiya da lamba, kuma kana iya shigar da lambar a shafin Habanos ka ga ko ta dace da abin da ke ciki. Amma kada wannan ya sa ka saki jiki, don 'yan damfara suna sayen akwatin gaske da aka shanye su cika shi da shara. Saboda haka ka buɗe. Karan su zama tsawo ɗaya, kauri ɗaya, launi ɗaya, zobuna a jere daidai. Kan kowace, wajen da ake yankewa, yana da ninki uku na ganye. Behike, wani nau'in Cohiba mai tsada, da ke kantuna a akwatin guda goma take zuwa. Wanda ya kawo maka 25 ya raina maka hankali. In farashi ya faɗi ƙasa da rabin na shago, araha ba ta ado, ka tafi abinka. Akwai kuma wata Cohiba mai jan ɗigo da ake sayarwa a Amurka, halattacciya ce a can amma ba ta Kuba ba ce, don takunkumin 1962 ya hana tabar Kuba shiga shagunan Amurka. Mafi aminci ka saya a La Casa del Habano, wato shagunan da ke ƙarƙashin kamfanin Habanos, ko wurin dillalin da ke da izini, ka karɓi rasit.

A tsibiran Karibiyan da barasar rake ake haɗa ta, irin su Havana Club da Appleton ta Jamaika da Mount Gay ta Babados. Ni ba na shan giya, baƙin kofi mai kauri ya ishe ni, kuma mutanen Habana ma suna yin haka. Ba a haɗiye hayaƙinta kamar na sigari, amma taba ce, tana kawo sankarar baki da maƙogwaro, wanda bai fara ba kada ya fara don burga.

In ka saya za ka kawo gida, ka tanadi wurin ajiya tun kafin ka sauka. Tana son danshi kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari. Iskar hunturu a Kano ko Damagaram tana busar da ita cikin 'yan kwanaki, ganyen waje ya tsage, ɗanɗano ya koma ɗaci. Zafin bazara kuma yana ƙyanƙyashe ƙwaron taba ya huda akwati kaf. Ka sayi akwatin ajiya na katakon sida, ko roba mai rufuwa gam da 'yar jakar danshi ta Boveda, ka ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da turare, don ganyen yana ɗaukar duk ƙamshin da ke kusa da shi.