Inda muka yi wa Ummi hoton zuciya a Sabon Gari

Ummi tana da wata 3 muka lura in tana shan nono gumi na jiƙe mata goshi, ta saki ta yi ta haki, nauyinta kuma ya ƙi gaba. Likitan da ya sa mata abin awo a ƙirji ya ce yana jin wani huci, mu je a yi mata eko, wato hoton zuciya.

Wani ƙaramin asibitin kuɗi ne a Sabon Gari, likitan zuciyar yara yana zuwa sau ɗaya a mako. Mun taso daga Tudun Wada a keke napep ƙarfe takwas, ba a kira mu ba sai bayan azahar. Benci biyu ne kacal, babu inda mai jego za ta shimfiɗe jariri, kuma kuɗin ya taɓa aljihu. Wannan kam ya kamata su gyara.

Amma da muka shiga, sai na manta da zaman bencin. Likita ya ɗumama man a tafin hannunsa kafin ya shafa mata, ya ce uwar ta ba ta nono ta natsu. Ya juyo allon wajenmu, ya ƙirga mana ɗakunan zuciya huɗu, ya nuna huda a bangon da ya raba na ƙasa biyu, launin da ke nuna jini na tsallakawa duk bugu.

Tun a gida Inna ta ɗora laifin a kan azumin da maiɗakina ta yi cikin na wata bakwai, maiɗakin nawa kuwa kullum kuka a ɓoye. Da na faɗa masa, sai ya juya bayan takarda ya zana. Ya ce zuciya tana farawa ne kamar ɗan bututu, tana soma bugawa wajen kwana 22 da shigar ciki, sannan ta lanƙwashe, bangayenta su tashi, zuwa mako na 8 an gama. "Maman Ummi," in ji shi, "azuminki ya tarar da ginin an daɗe da kammala shi."

Na tambaye shi batun auren zumunta, don maiɗakina 'yar kawuna ce. Bai ɓoye mini ba: yana ɗan ƙara haɗarin, amma kusan jariri 1 cikin 100 ake haifa da matsalar zuciya, kuma yawancinsu ba a iya nuna dalili guda. Wasu kam daga ƙwayoyin halitta ne. Kusan rabin yara masu larurar Down, masu ƙarin kiromozom (ƙunshin ƙwayoyin gado) na 21, suna da ita, ana kuma yawan samunta in wani yanki na kiromozom na 22 ya ɓace. Ya duba manyan yatsun Ummi da kyau, domin ƙwayar gado ɗaya, TBX5, tana aiki a ginin hannu da na zuciya. Ya kuma tambayi uwar ko ta yi ciwon suga ko ƙyandar Jamus a farkon cikin.

Ya rubuta maganin rage ruwa, ya ce irin wannan hudar takan tsuke da kanta, in ta ƙi sai a yi maganar tiyata. Duk mai zuwa ya riƙo tabarma da abinci. Ni dai na roƙi takardar zanen, daren nan na shimfiɗa ta gaban Inna, na haska mata da fitilar waya.