Mutanen gari a Monster Manual na 2014: sharhina bayan na daɗe ina jan wasa da su

Dungeons & Dragons wasa ne na tebur: mai jan wasa yana ba da labari, 'yan wasa kuma kowa yana riƙe da jaruminsa. Yawancin masu sayen littafin halittun wasan, Monster Manual na bugu na biyar da ya fito a 2014, dodanni suke nema. Ni kuwa shafukan da suka fi shan hannu a nawa su ne 'yan kaɗan ɗin nan na can ƙarshe, inda aka jera mutane: mai gadi, ɗan fashi, basarake, barde, matsafi, mai hidimar haikali. Duk wanda ya taɓa jan wasa ya san 'yan wasa sun fi ɓata lokaci da mutanen gari a kan dodanni. Su ake tambaya hanya, su ake yi wa ciniki, da su ake rigima a bakin ƙofa.

Da bugu na 3.5 na fara, wanda ya fito a 2003. A can kowane mutum yana da aji da mataki, kamar dai jaruman 'yan wasa. Littafin mai jan wasa ya ware aji biyar don mutanen gari kawai: talaka, gwanin sana'a, mayaƙi, ɗan sarauta da ƙaramin mai sihiri, kuma kowanne yana iya hawa har mataki na 20. Idan ina son maƙeri, sai na zauna na raba masa maki a kan gwanintarsa ɗaya bayan ɗaya. Na sha raba dare a kan mutumin da 'yan wasa za su gaisa da shi su wuce.

Monster Manual na 2014 ya sauke mini nauyin nan. Mutanen cikinsa ba su da aji da mataki irin na jarumai, kowa da ɗan akwatin lambobinsa a shirye. Talaka makin ransa, wato yawan raunin da zai iya ɗauka kafin ya faɗi, 4 ne. Mai gadi 11, basarake 9, barde 52, gogaggen mayaƙi 58. Idan 'yan wasa suka kauce hanya suka shiga garin da ban shirya ba, ina buɗe shafin, in ba mai gadi suna da tabo a goshi, shi ke nan wasa ya ci gaba. A kan wannan kaɗai littafin ya biya ni.

Akwai abin da ya rikita ni da farko, kuma na ga yana rikita sababbin shiga. An rubuta cewa matsafi yana sihiri kamar ɗan mataki na 9, amma ma'aunin haɗarinsa 6 ne. Babban matsafi kuma mataki na 18, ma'auninsa 12. Lambobin biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba. Ta farko tana faɗa maka irin sihirin da ke hannunsa, ta biyu tana faɗa maka irin ayarin mutum huɗu da za su iya karawa da shi. Matsafin nan makin ransa 40 ne kacal, idan aka cim masa da takobi ba ya daɗewa.

Inda littafin ya bar ni da kaina shi ne tambayar da ta fi kowace nauyi: mutum nawa ne masu ƙarfi a duniyar? Tsohon bugun yana da jadawali, ka duba girman gari, ka jefa ɗan lido, ya faɗa maka matakin wanda ya fi kowa a wurin, sauran jama'a kuma fiye da kashi 90 cikin 100 talakawa ne 'yan mataki na 1. A nan an ba ka mutanen, ba a ce maka ga yawansu ba. Kuma amsar tana sauya komai. Idan kowane ƙauye yana da babban matsafi, me zai sa a nemi wasu baƙi 'yan mataki na 2 su kori goblin, wani ƙaramin dodo, daga rijiya? Idan kuma babu kowa sai masu gadi, to da zarar matsafin ayari ya kai mataki na 5 ya samu sihirin ƙwallon wuta, an gama. Ɗan lido takwas mai fuska shida ake jefawa don sanin raunin da take yi, matsakaicinsa 28. Ko mai gadi ya yi sa'ar kaucewa ya sha rabi, 14 ta fi makin ransa 11.

Na zaɓi ƙarancin masu ƙarfi, kuma wani dare ne ya tabbatar mini. Mayaƙiyar ayarinmu ta mutu a wani kogo, sauran suka naɗe ta a bargo suka kawo ta haikalin garin da ke kusa. Mai hidimar haikalin da ke littafin ɗan mataki na 5 ne a sihiri, yana warkar da rauni, yana cire cuta da guba. Tayar da wanda ya jima da mutuwa kuwa sai ɗan mataki na 9, da lu'ulu'u mai darajar zinariya 500, kuma kada gawa ta wuce kwana 10. Akwai ƙaramin sihirin da ke tsayar da ƙidayar kwanakin nan, amma ba ya cikin jerin da aka ba shi, na kuwa bar shi yadda yake. Sai na sa tsohon ya ɗaga bargon, ya dube ta, ya mayar ya rufe, ya ce, "'Ya'yana, wannan ya fi ƙarfina. Mace ɗaya na sani a ƙasar nan da za ta iya, tana babban birni, tafiyar kwana takwas ce." Teburin ya yi tsit. Wadda ke riƙe da mayaƙiyar ta ajiye fensirinta, ɗaya daga cikinsu ya jawo taswira ya fara ƙirga kwanaki da yatsa. Zama uku muka yi a kan tafiyar nan, sun sayar da dokin ɗayansu da sulken mamaciyar don haɗa kuɗin lu'ulu'un.

Ba na tsoron jarumai su fi ƙarfin gari kamar yadda nake tsoro a da, domin a wannan bugun lambobi ba sa tashi sosai: ƙarin gwaninta, wato abin da ake ƙarawa a kan lambar da ɗan lido ya nuna, daga +2 yake farawa ya tsaya a +6. Mai gadi da ke kai sara da +3 yana iya samun jarumi ko ya yi nisa, kuma idan suka kai ashirin suka watsu a kan ganuwa, ƙwallon wuta ɗaya ba ta share su. Kyaftin ɗinsu sai in ɗauko gogaggen mayaƙi, in sauya masa makami.

Abin da nake ƙarawa da hannuna shi ne gwanayen sana'a. Maƙerin da ya shekara talatin a bakin wuta ina barinsa da makin rai 4 na talaka, amma in ba shi +7 a ƙira, in rubuta a gefen shafin da fensir.