Karatu a Bayyane ko Karatu a Zuci: Wanne Ya Fi Amfanar Ɗalibin Sakandare?

Malamai da yawa sun saba sa ɗalibai su yi karatu a bayyane bi da bi, kowa sakin layi guda. Amfaninsa a fili yake: malami yana jin inda yaro ke tuntuɓe, ya gyara masa nan take. Amma dubi yaron da karatu bai zauna masa ba. Yana ƙirga layuka don ya gano wurin da zai faɗo kansa, gabansa na faɗuwa, abin da ake karantawa kuwa ko kaɗan bai shiga kansa ba. In aka yi masa dariya sau ɗaya, ya tsani littafi ke nan.

Karatu a zuci yana barin kowa ya tafi daidai ƙarfinsa, musamman in shi ya zaɓi littafin. Illarsa, wani zai zura wa shafi ido kawai, hankalinsa na waje. Duk da haka ni shi na fi so, a ba su minti 15 shiru, sannan kowa ya gaya wa na kusa da shi abin da ya fahimta, malami na zagayawa yana saurare. Mai rauni kuma malami ya keɓe da shi, ya karanta masa a bayyane inda ba mai yi masa dariya.