Gwajin ƙasa kafin zuba fandisho: inda aikin ke kyau da inda ake ha'inci

Cikin ayyukan da ake biya kafin fara gini, gwajin ƙasa ya cancanci kuɗinsa, in dai masu yin sa sun yi shi tsakani da Allah. Ƙaramin gida, ramin gwaji mai zurfin mita 2 zuwa 3 kan wadatar, domin ido na ganin yadda ƙasar ta jeru: ciko, yumɓu, yashi, marmara. Bene kuwa sai an kawo injin haƙa.

Ƙwararru ana gane su ne a gwajin guduma, wato SPT. Ana sakin guduma mai nauyin kilo 63.5 daga tsayin santimita 76, tana dukan bututun ɗaukar samfur har ya nutse santimita 45. Ba a ƙirga bugun santimita 15 na farko, saboda haƙa ta riga ta dagula wurin. Bugun sauran 30 ɗin ake rubutawa. A yashi, in bai kai bugu 10 ba, ƙasar sako-sako ce. Akan maimaita gwajin kusan kowace mita 1.5, kuma mai aikin kirki yana rufe samfur cikin leda nan take, ya rubuta zurfinsa a jiki, don kada danshin ya gudu kafin a kai ɗakin gwaji. Can ne ake tankaɗe shi, a busar da shi a zafin digiri 105, a kuma auna yadda yumɓun ke kumbura. Yumɓu mai kumbura da damina, ya motse da rani, shi ke tsaga bango.

Babban aibin wasu masu wannan sana'a shi ne rami ɗaya tak a fili guda. Tsohon kududdufin da aka cike zai iya ɓuya a kusurwar da ba a taɓa ba, gefe guda na ginin ya zauna, ɗayan ya tsaya. Haka batun ruwan ƙarƙashin ƙasa: sai ramin ya kwana, a ƙalla awa 24, kafin a auna zurfin da ruwan yake. Wanda ya auna yana gama haƙa, adadin da ya rubuta ba abin dogaro ba ne.

Kada a karɓi rahoton da bai faɗi nauyin da ƙasar za ta iya ɗauka ba, da zurfin fandisho, da irin wanda ya dace. In babu taswirar da ke nuna inda aka haƙa kowane rami, a mayar musu su gyara kafin injiniya ya fara lissafin rodi.