Na'urar hayaƙi ta volt 12: ta cancanci a saya don P0442 mai yawan dawowa?

Duk makaniken da ke taɓa Camry, Corolla ko Accord 'yan Amurka a Sakkwato ya san wannan wutar cek ɗin. A sa wa mota kwamfuta ta nuna lambar matsala P0442 ko P0456, a goge, bayan mako ɗaya ko biyu wuta ta sake kamawa. A sauya murfin tanki, ta dawo. Abin da ke raba wannan gardama shi ne ƙaramar na'urar hayaƙi mai aiki da batirin mota, wadda ke tura hayaƙi a ga inda tururin fetur ke yoyo, irin wadda masu kayan aikin gareji ke kawowa yanzu. A ganina ta cancanci kuɗinta, amma ba kowace iri ba, kuma ba kowace lamba take warwarewa ba.

Tsarin da ake kira EVAP aikinsa hana tururin fetur fita iska. Tururin yana bin tiyo daga tanki zuwa gwangwanin gawayi, gawayin ya riƙe shi. In inji ya yi zafi, bawul ɗin zuƙa da ke kusa da inji ya buɗe, injin ya ja tururin ya ƙone. Akwai bawul na biyu, na shaƙar iska, a jikin gwangwanin ko kusa da shi. Na farko a rufe yake in babu wuta, na biyu a buɗe. Motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka, inda OBD-II, tsarin da mota ke duba kanta ta ba da lambar matsala, ya zama dole tun 1996, suna rufe tsarin su gwada ko yana yoyo. P0455 babban yoyo ne, P0442 rami ne mai faɗin kusan milimita 1, P0456 kuma kusan rabin milimita. Tsofaffin Honda suna da nasu lambobin: P1456 ɓangaren tanki, P1457 ɓangaren gwangwani. Yawancin motocin da aka ƙera wa Turai a wancan zamani ba sa wannan gwajin yoyo, shi ya sa ba a cika ganin lambobin a jikinsu ba.

Ramin rabin milimita ido ba ya ganinsa a ƙarƙashin mota mai ƙura. Dalilin na'urar ke nan.

Kafin a zo kanta, akwai abin da ke ruɗar mutane a nan garin. Ƙwaƙwalwar mota ba kullum take yin gwajin ba. A yawancin motoci sai man tanki yana tsakanin kashi 15 zuwa 85 cikin ɗari, an tayar da inji da sanyinsa, kuma zafin iska bai haura kusan digiri 35 ba. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da Sakkwato ke wuce digiri 40, mota na iya yin kwanaki ba ta yi gwajin ba. Sai mai mota ya ɗauka an gyara. Damina ta sauka ko hunturu ya shigo, safiya ta yi sanyi, gwaji ya gudana sau biyu a jere bai ci ba, wuta ta kama. Yoyon yana nan tun farko. Haka ma mai zuba lita biyar-biyar da tankinsa ba ya barin ja: tasa motar ba ta samun damar gwajin sai ranar da ya zuba mai da yawa, sai ya zargi gidan man.

Na'urar kanta ba ta da wuyar sha'ani. Akwati ne na ƙarfe, da wayoyi biyu masu kama kan batir, da wurin zuba farin mai irin man jarirai, da abin zafi a ciki mai mayar da man hayaƙi, da tiyo mai bakin mazugi. Wasu suna da famfon iska a ciki, wasu sai an haɗa su da kwamfureso. Mai famfo a ciki ta fi dacewa da garejinmu, domin ba ruwanta da wutar lantarki ko janareto.

Abu biyu ne za a duba kafin a biya kuɗi. Na farko ƙarfin iskar. Tsarin EVAP ba ya son abin da ya wuce kusan rabin psi, kuma psi 1 shi ne iyaka. A kwatanta da tayar mota mai ɗaukar psi 32. Na'urar da ba ta da abin daidaita iska tana iya lalata firikwensin matsi na tanki, ko ta buɗe murfin tanki da ƙarfi ta nuna yoyon ƙarya. Wadda aka yi don gwada bututun iskar inji kawai, a bar ta. Na biyu, ma'aunin gudun iska, wato ɗan bututun gilashi mai 'yar ƙwallo a ciki. Wannan ƙwallon ya fi hayaƙin kansa amfani. In tsari ya cika kuma babu yoyo, ƙwallon zai sauko ƙasa ya kwanta. In ya tsaya yana rawa a sama, iska na fita ta wani wuri, ko an ga hayaƙi ko ba a gani ba. Na'urar da ba ta da shi rabin kayan aiki ce.

Yadda ake aikin: a kashe inji, a bar mota ta huce a inuwa, tanki kada ya kasance cike, domin mai zai toshe hanyar hayaƙi. A nemo bakin gwaji mai koren murfi a ɗakin inji, a cire ƙwayar bawul ɗinsa a sa tiyon na'urar. Ƙwayar bawul ɗin cikinsa hagu take ɗaurewa, don haka ta dama ake kwance ta. Da yawa sun karya ta a nan. Motar da ba ta da koren murfi, a cire tiyon da ke shiga bawul ɗin zuƙa daga ɓangaren tanki a sa na'urar ta nan. Sai a rufe bawul ɗin shaƙar iska, da kwamfuta mai iya ba shi umarni, ko a ba shi volt 12 kai tsaye, ko a toshe bakin tiyonsa. Wanda ya manta wannan zai ga hayaƙi na tuƙowa daga bayan mota ya ce gwangwani ya fashe, alhali ƙofarsa ce a buɗe. A kunna na'urar, a buɗe murfin tanki har hayaƙi ya leƙo ta nan, a rufe, a jira minti biyu zuwa uku, sannan a bi layin da tocila mai haske sosai.

A nan na'urar ke nuna bajintarta. Siririn zaren hayaƙi yana fitowa daga gwiwar tiyon roba da zafi ya busar, wadda daga waje lafiya lau take sai an lanƙwasa ta ake ganin tsagar. Yana fitowa daga robar murfin tanki da ta ƙeƙashe, ko daga bakin wuyan tanki da mazurarin 'yan bumburutu ya kankare har murfi ya daina zama daidai. Wuri mafi yawan ɓoye laifi kuwa shi ne zoben robar famfon mai a saman tanki. Motar da aka taɓa sauya wa famfon mai, a ɗaga kujerar baya a duba nan tukuna: sau da yawa an mayar da tsohon zoben ne ko an murɗe shi wajen ɗaurewa. Ɓera ma yana cin siraran tiyo a motar da ta daɗe a ajiye.

Sai inda ta gaza. Hayaƙin ƙananan na'urorin nan ba shi da kauri, kuma a filin gareji da rana tsaka, ga iskar hunturu na kaɗawa, ba a ganin komai. A yi aikin da sassafe ko bayan la'asar, a wurin da ke da kariya daga iska amma ba rufaffen ɗaki ba. Iska na'urar take turawa cikin tankin da ke da tururin fetur, ba iskar naitirojin irin ta manyan na'urori ba, don haka kada mai walda ko mai shan sigari ya kusanto. Gawayi kuma yana shanye hayaƙi, in yoyon yana bayan gwangwani sai an cire tiyon an gwada kowane ɓangare shi kaɗai. In an cika wa na'urar mai fiye da ƙima, takan tofa man cikin tiyon motar.

Babban abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne yoyo kaɗai take nunawa. P0441 da P0446 galibi maganar bawul ce ko toshewa. Bawul ɗin zuƙa a cire shi a hura da baki babu wuta: in iska ta wuce, ya maƙale a buɗe, kuma alamarsa ita ce mota ta yi gardamar tashi bayan an sha mai. A auna shi da mita, yawancinsu suna ba da ohm 20 zuwa 35. In aka ga baƙaƙen ƙwayoyin gawayi a cikin tiyonsa, gwangwanin ya ruguje, kuma sabon bawul ba zai daɗe ba sai an sauya gwangwanin an hure layin. Abin da ke kashe gwangwani shi ne a ce wa mai zuba mai ya ƙara bayan famfo ya tsaya da kansa, har fetur ya gangara cikin gawayi. Motar da famfon gidan mai ke ta katsewa tun tanki bai cika ba, hanyar shaƙar iskarta ce ta cushe, abin da ake yawan gani a motocin da ke bin hanyoyin ƙauye marasa kwalta ta wajen Gwadabawa ko Illela. Ƙura ce, wani lokaci gidan zanzaro. Hayaƙi ba zai nuna wannan ba.

Garejin da ke karɓar motocin Amurka a kai a kai ya sayi na'urar, mai famfo, mai ƙwallo, mai iska ƙasa da psi 1. Za ta kuma yi masa aikin neman yoyon bututun iskar inji. Mai mota ɗaya ba ya buƙatarta, ya fara da murfin tanki na asali na kamfanin motar, domin murfin gama-gari na kasuwa sau da yawa ba ya riƙe matsin da ake so. Bayan gyara kuma kada a yanke hukunci da mutuwar wuta. A zuba mai zuwa rabin tanki, a tayar da mota da asuba kwana biyu ko uku, sannan a duba a kwamfuta ko gwajin EVAP ya nuna ya kammala. A Toyota na wajen 2006 zuwa sama, gwajin yana gudana ne kusan awa biyar bayan an kashe mota, don haka a bar ta ta kwana ba tare da an cire kan batir ba.