Regine Rocks: Daren da Mai Waƙoƙin Soyayya Ta Koma Kiɗan Rok

Ranar Asabar, 25 ga Nuwamba, 2023, mawaƙiyar ƙasar Filifin Regine Velasquez ta yi wasa a babban zauren Mall of Asia Arena da ke Pasay, a gefen tekun Manila. Sunan wasan Regine Rocks. Ni ɗalibar aikin jinya ce a nan Manila, da kuɗina na sayi tikiti, na bi wata 'yar ajinmu da yayarta muka je. A gaskiya ba don son kiɗan rok na je ba. Na je ne in ga yadda matar da duk ƙasar ta sani da waƙoƙin soyayya masu sanyi, mai shekara 53, wadda ta haura shekara talatin da biyar tana waƙa, za ta yi da jitar lantarki da ganguna masu kamar za su tsaga ƙirji.

Wanda bai zauna a Filifin ba zai yi wuya ya gane matsayin wannan matar. An haife ta a Tondo, unguwar talakawa a Manila, a 1970, ta yi ƙuruciyarta a Leyte ta Kudu, daga baya iyayenta suka koma Bulacan. Ta sha ba da labarin yadda mahaifinta, wanda kowa ke kira Mang Gerry, yake shigar da ita teku har ruwa ya kai mata wuya, ya sa ta rera waƙa a haka don huhunta ya yi ƙarfi. Tana da shekara 14 ta ci gasar waƙa ta talabijin mai suna Ang Bagong Kampeon a 1984, sannan a 1989 ta ciyo gasar mawaƙan yankin Asiya da Fasifik a Hong Kong. Tun daga lokacin duk yarinyar da ta riƙe makirufo a gasar unguwa ita take kwaikwayo. Mutanen Filifin suna da sunan da suke kiran irin wannan cilla murya can sama da ƙarfi, birit, kuma idan ana maganarsa sunanta ake fara ambata.

Sayen tikiti bai ba ni wahala ba. Na biya ta intanet, na je kanti na karɓi na takarda. Na ɗauki kujerun can sama saboda su ne daidai aljihun ɗaliba. Zauren yana ɗaukar mutum wajen 15,000 a zaune, an buɗe shi a 2012, kuma wata biyu da ɗoriya kafin wannan dare a cikinsa Jamus ta doke Sabiya a wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta duniya. Tunda an gina shi ne da wasannin ƙwallo irin wannan a rai, kujerun sama a tsaye suke ƙwarai, kana ganin dandamali ba tare da kan wani ya tare ka ba, amma mawaƙiyar ƙarama kake hango ta, rabin kallonka a manyan allunan gefe yake ƙarewa. Akwai sanyin na'ura sosai. Na gode Allah da na tafi da mayafi mai kauri.

Wahalar tana hanya. Mutanen Filifin suna fara hidimar Kirsimeti tun watan Satumba, to a ƙarshen Nuwamba, ranar Asabar, duk titin da ya nufi wannan yankin kasuwa a cushe yake. Mun hau jirgin ƙasa har tashar Taft, muka ƙarasa a jifni, motar haya mai doguwar kujera da ake miƙa kuɗi hannu zuwa hannu har ya kai ga direba. Musulmi ya lura da abu biyu. Rana tana faɗuwa tun kafin biyar da rabi a wannan lokaci na shekara, sai ka tsara sallarka da tafiyarka. Abinci kuma, naman alade yana shiga wuraren da ba ka zata ba, har cikin miya da soyayyar shinkafa. Ni a gida na ci na ƙoshi.

Yanzu ga wasan kansa.

Da aka kashe fitilu makaɗa suka fara, ƙarar ta fi abin da na shirya wa. Ganga tana dukan ƙashin ƙirji, jita tana kuka, fitilu suna yankan duhu. Tambayar da na shigo da ita ita ce ko kayan aro zai rufe katara, domin waƙoƙin na wasu ne, yawancinsu na manyan ƙungiyoyin rok na Amurka da Ingila, kuma da yawa maza ne suka rera su da murya mai kaushi. Muryar Regine kuwa an san ta da tsabta, ba ƙura ba tsakuwa. Amsar da na samu ta kasu biyu, kuma ba daidai wa daida ba.

Inda ta fi burge ni shi ne inda ta bar muryar ta yi ƙasa, ta yi kauri, har ɗan gurnani ya shigo ciki. Ban san tana da wannan ba, domin faifayenta na shekarun 1990 da ake sakawa a shaguna da motocin haya ba su nuna shi. A irin waɗannan wurare ba ta gaggawar hawa sama. Takan riƙe baiti a tsakiyar murya, ta ja shi, ta bar makaɗa su taru a bayanta, sai can ta sake shi. Tsigar jikina ta tashi ba sau ɗaya ba. Ana ji a muryar cewa mai ita ta ga rayuwa, kuma wannan kiɗa irin muryar da yake so ke nan. Budurwa 'yar shekara ashirin mai huhu kamar zuga-zugi ba za ta iya ba da wannan ba, ko da ta fi ta tsawon numfashi.

Akwai dalilin da ya sa wannan ya yi nauyi a wurin 'yan kallo, kuma yayar ƙawata, wadda muke kira Ate kamar yadda ake kiran duk babbar 'yar'uwa a nan, ita ta tuna min. A wannan zauren dai, ranar 16 ga Nuwamba, 2012, Regine ta hau dandamali don bikin cikarta shekara 25 a waƙa, wasan da aka kira Silver, sai muryarta ta ɗauke saboda wata cuta da ta kama ta, a gaban dubban mutanen da suka biya kuɗi. Aka sake wasan ranar 5 ga Janairu, 2013. Bayan haka ta yi magana a fili kan yadda ƙwannafi yake taɓa mata murya. A matsayina na mai karatun jinya na san abin da wannan ke nufi: ruwan ciki mai tsami yana hawowa har maƙogwaro, ya kumbura tantanin da ke fitar da sauti, sai sautin sama ya fara ƙin fita ko ya fita a tsage. Ga shekaru kuma, waɗanda ke rage wa tantanin laushi ko da mutum lafiyarsa ƙalau. Mawaƙiyar da ta taɓa ganin wannan rana da idonta, ta dawo wuri guda bayan shekara goma sha ɗaya ta zaɓi waƙoƙin da suka fi kowanne cin maƙogwaro, ta rera su kai tsaye. Ate ta halarci daren 2012. Duk lokacin da aka zo wurin hawa sama sai in ga ta damƙe hannun ƙanwarta, idan aka wuce lafiya ta miƙe tana ihu.

Inda ban gamsu ba kuma shi ne inda tsohuwar ɗabi'a ta rinjayi kiɗan. Akwai waƙoƙin da ƙarfinsu yana cikin rashin gyaransu, sai a ɗauke su a yi musu kwalliya, a ƙarasa da doguwar cilla murya wadda asalin waƙar ba ta nema ba. Zaure ya ɗauki tafi, ba shakka, domin abin da da yawa suka zo ji ke nan, kuma ta yi shi da gwaninta. Ni dai a waɗannan wurare sai in ji an fita daga rok an koma gasar nuna iyawa. Da an bar biyu ko uku a ƙasa yadda suka faro, da sun fi shiga jiki. Ƙawata ba ta yarda da ni ba ko kaɗan. Ta ce wanda ya zo wasan Regine yana ƙorafin birit ya ɓata hanya ne.

Ba yau ta fara taɓa irin waɗannan waƙoƙi ba, wannan ma ya kamata a faɗa. A faifanta R2K na 1999 ta sake rera wata shahararriyar waƙar ƙungiyar Aerosmith, kuma a Filifin akwai masu yawa da muryarta suka fara sanin waƙar da ita. Ƙasar kanta tana da tsohuwar alaƙa da wannan kiɗa. Tun shekarun 1970 ƙungiyar Juan de la Cruz take yin rok da harshen Tagalog, a shekarun 1990 Eraserheads da Rivermaya suka mamaye rediyo, sannan a 2007 ƙungiyar Journey ta Amurka ta ɗauki wani ɗan Filifin, Arnel Pineda, ya zama jagoran waƙarta bayan an gan shi a YouTube. Saboda haka jita mai kuka ba baƙuwa ba ce a kunnen waɗannan mutane.

Wannan ya kawo ni kan 'yan kallo, waɗanda a ganina su ne rabin abin da kuɗin tikiti ya saya. A nan kusan kowane gida da injin karaoke ko maƙwabci mai shi, ba a suna ba a biki sai an miƙa wa kowa makirufo, har tsohuwa. Sakamakon haka idan mutum dubu goma sha suka ɗauki amshi, ba hayaniya kake ji ba, waƙa kake ji, a kan sauti ɗaya, wasu ma suna raba murya ba tare da wani ya tsara musu ba. Mutumin da ke bayana, mai furfura, da matarsa da 'ya'yansu manya biyu, bai kuskure baiti ɗaya ba. Akwai lokacin da ta miƙa makirufo ga zaure ta yi shiru, ban ji an rasa komai ba. Masoyanta na gani-kashe-ni suna kiran kansu Reginians, kuma ba sai an nuna maka su ba.

Abin da ya ɓata min rai daga ɓangarensu wayoyi ne. Wata da ke gabana ta ɗaga tata tun daga farko kusan har ƙarshe, hasken yana dukan idona. Na taɓa ta na ce, "Ate, don Allah a ɗan sauke," na haɗa da po ɗin girmamawa da ake saka wa magana a nan. Ta ba ni haƙuri da fara'a, ta sauke, waƙa biyu tsakani ta sake ɗagawa.

Tsakanin waƙoƙi Regine tana hira da zaure, kuma mai ban dariya ce ta gaske, irin wadda ke tsokanar kanta kafin wani ya tsokane ta. Tana cakuɗa Tagalog da Ingilishi kamar yadda 'yan Manila ke yi. Tagalog ɗina na kasuwa ne da na asibiti, saboda haka sau da yawa zaure ya fashe da dariya ni ina jiran ƙawata ta gama tata ta fassara min, kafin nan an shiga wata waƙar. Baƙon da bai ji harshen ba zai rasa wannan ɓangare, kuma ba ƙarami ba ne, domin a nan ake ganin dalilin da ya sa suke ɗaukarta kamar 'yar gida, ba tauraruwar da ke nesa ba.

Makaɗan sun cancanci a ambace su. Raul Mitra, mijin ƙanwarta, ya daɗe yana jagorantar kiɗanta, kuma ana ganin sabon da ke tsakaninta da masu raka ta: tana ɗan jinkirta baiti su jira ta, ba wanda ya kalli wani. Daga can sama, a waƙoƙin da suka fi zafi, ganga da jita sukan so su danne kalmomi, amma da zarar ta buɗe murya sosai sai ta haye samansu. Wanda kunnensa ba ya son ƙara ya tafi da abin toshe kunne na roba, ana samunsa a kantin magani da araha, kuma ba ya hana jin waƙa.

Shin kwalliya ta biya kuɗin sabulu? A wurina ta biya, duk da ƙorafina. An maimaita wasan a wannan zauren a Afrilun 2024, lokacin ina tsakiyar jarrabawa. Da na samu zuwa, da na matsa wa aljihuna na sauko hawa ɗaya ƙasa, gefen dandamali, inda za a ga fuskarta da hannun mai jita ba ta allo ba. Wannan wasa ne na murya, kuma aikin murya ana ganinsa a wuya da kafaɗa da yadda mutum ke ɗaukar numfashi.

Fita kuma sai haƙuri. Dubban mutane suna neman mota lokaci guda, kuɗin motar da ake kira ta waya ya yi tashin gwauron zabi, jiragen ƙasa kuma ba sa kaiwa tsakar dare. Ate ta san kan garin, ta ja mu muka taka da ƙafa muka yi nisa da ƙofar zauren, muka sayi ruwa muka zauna har cunkoson ya lafa, sannan muka hau bas ɗin da ke bin titin EDSA, wanda yake da layinsa shi kaɗai kuma yana aiki dare da rana.