35, 50 ko 85: wane objektif ya dace da hoton suna a tsakar gida?

Duk wanda ya sayi kyamara a gidansu, shi ne mai hoton dangi, ko ya so ko ya ƙi. Ranar suna ko walima shi za a kira, kuma objektif ɗin (gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara) da ke zuwa tare da kyamarar, 18-55, nan yake gazawa. In ka ja shi zuwa 55 idonsa ba ya buɗewa fiye da f/5.6 (lambar f awon buɗewar ido ce, in ta yi ƙasa haske ya fi shiga), ga ɗakin maijego da labule a sake, wani lokaci ma an ɗauke wuta. Objektif marar zum mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan. Dalilin sayensa ke nan. Saura zaɓi tsakanin 35, 50 da 85: in lambar ta yi sama, objektif ya fi jawo abu kusa, amma faɗin abin da yake ɗauka ya ragu.

Kafin ka je kasuwa, duba irin kyamararka. Masu sauƙin kuɗi, irin Canon 600D da 2000D ko Nikon D3200 da D5300, farantin da ke karɓar haske a cikinsu ƙarami ne, yana yanke gefen hoto. Sai ka ninka lambar objektif da 1.6 a Canon, da 1.5 a Nikon. Ke nan 50 a kan Canon aikin 80 yake yi, 85 kuma ya koma 136. Shawarar da ake yawan ji cewa 50 ya isa komai, ta masu manyan kyamarori ce irin Canon 6D ko Nikon D750.

Mutane sun fi ɗokin 85, kuma ban ga laifinsu ba. Yana fitar da fuska yadda take, hanci bai kumbura ba, bayan mutum ya narke har tarin kujeru da manyan tukwanen girki su ɓace. Na Canon mai f/1.8 tun 1992 ya fito, har yau ba a raina shi. Amma a ƙaramar kyamara, in kana son kaka a tsaye daga ɗankwali har takalmi, sai ka ja baya wajen mita bakwai. A wane gida na Yamai za ka samu wannan filin ranar suna, an shimfiɗa tabarmi, an kafa rumfa, yara na gilmawa? Kafin ka danna, wata ta ratsa da kwanon fura. Shi 85 na mai kyamara biyu ne, ko wanda zai fita da amarya bakin kogi da marece.

Shi 50 arharsa ce ke jan mutane. Canon 50mm f/1.8 STM na 2015 gram 160 ne kawai, kuma yana kama abu daga tazarar santimita 35, don haka ƙunshin hannun maijego, ko ƙafar jariri cikin tafin kakansa, suna fita tsaf. A fuskar mutum ɗaya ko biyu ban san abin da ya fi shi a kuɗinsa ba. Matsalar tana zuwa lokacin da gwaggo ta ce, "Ɗana, haɗa mu duka." Daga mita uku, faɗin abin da yake ɗauka bai kai mita ɗaya da rabi ba, mutum uku ke nan kafaɗa da kafaɗa, su ma in ba su sa babbar riga ba. Bayanka kuwa bango ne.

Shi ya sa ni 35 nake ba mai ƙaramar kyamara shawara. Daga wannan tazarar dai yana ɗaukar wajen mita biyu: maijego a bakin gado, ƙawayenta a gefe, har da liman yana addu'a da hannuwan da aka ɗaga kewaye da shi. Bayan mutum ba ya narkewa kamar na 85, gaskiya ne. To amma hoton suna na gida ne da mutanensa, bayan shekara ashirin ɗan zai so ya ga wa da wa suka zo. Masu Nikon sun yi sa'a, akwai 35mm f/1.8G DX da aka yi musu tun 2009, mai sauƙin kuɗi, gram 200. Na Canon ya fi tsada, sai dai su duba ɗan siririn nan 24mm f/2.8 STM, wanda ke aikin 38, ko da yake bai kai wancan jure duhu ba. Abu ɗaya: kada ka matsa da 35 dab da fuskar mutum, yana ƙara girman hanci da goshi.

Batun objektif mai f/1.4 kuwa, hasken da yake shigarwa bai kai ninki biyu na mai f/1.8 ba, kuɗinsa ya zarce haka. Ko f/1.8 ɗin ma ba koyaushe za ka buɗe shi duka ba. Da 50 daga mita biyu, abin da ke fita tas bai wuce santimita 11 ba, idon uwa ya fito, na jaririn da ke cinyarta ya dushe. Mutane sun kai uku, koma f/4. Layi biyu ne, f/5.6.

Akwai gwajin da ba ya cin ko dala: tsayar da 18-55 ɗinka a kan 35, ka zagaya gidan da za a yi taron, ɗaki da zaure da tsakar gida, sannan ka mai da shi 50 ka sake. Nan za ka ga wanda ya ishe ka.

In na hannu za ka saya, tafi da kyamararka, ka haska gilashin da fitilar waya ka duba ƙura da ƙarzuwa, ka gwada saitinsa kusa da nesa. Mai Nikon D3200 ko D5300 ya kiyayi tsohon 50mm f/1.8D: zai shiga daidai, amma ba zai saita kansa ba, domin waɗannan kyamarori ba su da injin juya shi. Mai harafin G zai nema. In kuma taron ya faɗo lokacin hunturu, ɗaura objektif ɗinka tun a ɗaki, kada ka kwance shi a tsakar gida iska na tashi.